Abdulwahidu Ba Ya Katse Babba

Duk ɗalibin Arewa da ya sauka a Kuala Lumpur cikin 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai shiga motar Abdulwahidu ba. Shi ke ɗauko sababbin zuwa daga filin jirgi, ya nema musu ɗaki a Sri Petaling ko Pantai Dalam, ya sayo musu layin waya, ya nuna musu shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi, inda shayi ya fi kama da na gida. Ni ma shi ya ɗauko ni.

Kowa yabonsa yake yi. "Kai, yaron nan akwai ladabi." Yaro fa, mutumin da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ni dai in na ji wannan yabo raina ɓaci yake, domin na san abin da ladabin ya janyo masa. Shi da bakinsa ya ba ni labarin, wata ranar da ruwan la'asar ya tsare mu a unguwar Brickfields.

Ɗan Gumel ne, maraya, a hannun Gwaggo Barira ya tashi. Matar nan ba ta duka, kallo ɗaya take yi. A gidanta yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya tsayawa a kansa, uwa uba ba ya sa baki in babba na magana, ko da kuwa tuwo ne ke ƙonewa a murhu. Abdulwahidu ya ɗauki wannan tarbiyya gaba ɗayanta, ya haɗa da kaifin ƙwaƙwalwa, har gwamnatin jiharsu ta turo shi Malesiya koyon tuƙin jirgin sama. Abin da yake so ke nan a duniya, ba shi da na biyu.

A makarantar, can bayan gari, an haɗa shi da Kyaftin Rosli, wani dattijon malami ɗan Malesiya mai farin gashi da son hira. Abdulwahidu ya haddace komai. Abin da ake yi in injin ya kama da wuta a sama kuwa, ko daga barci ka tashe shi zai jero maka: a tsayar da mai, a sanar da masu kula da jirage a ƙasa, a kashe lantarki, a toshe kafofin iska, a sunkuyar da hancin jirgi don gudu ya shaƙe wutar, kada a kuskura a sake tada injin, a nemi fili a sauka. Ba wanda ya yi tunanin koya masa yadda ake buɗe baki.

Saura kaɗan ya karɓi lasisi suka tashi wata safiya, su biyu a ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya a hanci, shi a kujerar hagu yana tuƙi. Suna bisa gonakin kwakwar manja dattijon ya juya kai yana kallon tagar dama, ya shiga ba shi labarin aikin hajjin da ya yi da matarsa kafin ta rasu. Muryarsa har rawa take. A daidai nan Abdulwahidu ya ji ƙauri, irin na robar da ta taɓa garwashi. Ya duba, ya ga siririn hayaƙi yana fita daga murfin injin ta ɓangarensa.

"Wallahi na gani, Malam," ya ce min. "Na san mene ne. Cewa na yi bari ya kai aya."

A cikin jirgin, ya yi gyaran murya. Ya ce "Kyaftin" a hankali, ƙarar inji ta haɗiye. Dattijon na tsakiyar Arfa, yana faɗin addu'ar da matarsa ta yi masa. Yaya ɗan da Gwaggo Barira ta raina zai sa baki a nan? Ya ci gaba da jira har harshen wuta ya leƙo ta ƙarƙashin ƙafafun Kyaftin.

Daga nan komai ya tafi yadda aka koya. Kyaftin ya karɓi tuƙi, Abdulwahidu ya rufe mai, ya kira ƙasa ya faɗi inda suke, ya kashe lantarki, hannunsa ko rawa bai yi ba. Suka sunkuyo da gudu, dattijon ya karkata jirgin yana tafe a kaikaice don iska ta kawar musu da hayaƙi. Wutar waje ta mutu. Ta ciki kuwa ta riga ta kama wandon Kyaftin, ga shi ba halin ya ɗauke ƙafa daga abin takawa. Haka ya sauke su a wani jan fili da aka sare tsofaffin itatuwa, yana ƙonewa yana tuƙi. Abdulwahidu ne ya jawo shi waje, shi ko ƙwarzane bai samu ba.

Masu bincike suka ce bututun mai ne ya tsage, ba laifin kowa. Makaranta ta ce ɗalibi zai ci gaba da zarar malaminsa ya amince. Sai Abdulwahidu ya tafi asibiti dubiya. Ya tarar da dattijon kwance, ƙafafu a naɗe har gwiwa, likitoci sun riga sun gaya masa shi da tuƙi har abada.

"Yaushe ka fara jin ƙaurin?" Kyaftin ya tambaye shi.

Da wani ne da ya ce tare suka ji. Amma wanda bai iya katse babba ba, ina zai iya yi masa ƙarya? Ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya.

Dattijon ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, kuma Abdulwahidu ya ce da ma faɗan ya yi.

"Hannunka hannun matuƙi ne," in ji Kyaftin. "Amma wata rana za ka zauna kusa da wani tsohon, da mutane cike a bayanku. To, ga ni zan yi magana. Ka daka min tsawa, ka ce in rufe bakina. Sau ɗaya kawai. In ka yi, gobe ka koma sama."

Ya fara surutu. Ya yi ƙorafin abincin asibiti, ya koma kan cunkoson motoci, ya shiga zancen jikokinsa da ba sa son zuwa ƙauye. Surutu ne na banza, da gangan, yana yi yana kallon idon ɗalibinsa, yana jan kowace magana don ya ba shi wuri. Abdulwahidu na tsaye a gefen gado, hannaye a baya. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Ya ce min yana jin kalmar a kan harshensa, yana kuma ganin farin gashin nan a kan matashi.

Kyaftin ya yi ta magana har muryarsa ta dushe, har abin faɗa ya ƙare masa.

Sai a lokacin Abdulwahidu ya ce, "Kyaftin, ka gama?"

Dattijon ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne.

"Na gama, ɗana," ya ce. "Kai ma ka gama."