Kwamfutar da Ba Ta Barin Gado

Da Malam Habu ya kifa kwamfutar a kan teburin falona, sai na yi maza na matso kusa.

Sabuwa ce fil, mai tsada, launin azurfa, siririya kamar jinjirin wata. Dillali ne ya kawo mini ita nan Nassarawa, domin ni ke shugabantar kwamitin da zai zaɓa wa makarantarmu ta Giginyu kwamfutoci jibi. Kwana biyu na yi ina mafarkin ido biyu: yara a jere, haskenta yana wanke fuskokinsu kamar hantsi a bisa ruwa. Har baiti na yi mata:

Farin wata, sauko ƙasa,
Haska wa yara hanyar nesa.

Shi kuwa malamin kwamfutarmu sai shafa bayanta yake yi.

"Ranka ya daɗe, ban ga noti ko ɗaya ba."

"Ai kyawunta ke nan, Malam. A rufe take ruf, kamar ƙwai."

Ya yi murmushi. "Ƙwai a hannun 'yan aji uku, Alhaji? Mu idan ɗaya ta mutu, kwance ta nake yi, in ba wannan batiri, in ba waccan madannai. Kwamfutar makaranta sai mai barin gado. Wannan kam da kayanta za a binne ta."

Na mayar da ita kwalinta a hankali. Jibi masu kauri zan zaɓa, masu noti. Baitin dai na riƙe abina.

Malamai da iyaye, da ku ne, wacce za ku miƙa wa yaran?