Na sa uwa ta rantse cewa ni na haifi 'yarta

Assalamu alaikum, edita da masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don abin da zan faɗa ko maƙwabciyata ba ta sani ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Ni haifaffiyar Madina ce. Kakana ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya yi shekaru a Sudan kafin ya iso, kuma a nan aka binne shi. Muna da tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, kuma a lokacin ina jin kaina da ita ƙwarai, ina kallon sababbin zuwa daga Najeriya da Nijar kamar ba tushenmu ɗaya ba. A shekarun saba'in ina zaune a unguwar Harra ta Gabas da mijina, direban babbar mota mai ɗauko dabino daga Khaibar. Shekara tara da aure ban taɓa ko ɓari ba, kuma dangin miji sun daina tambaya, abin da ya fi tambayar ciwo.

A ɗakin bayan gidanmu akwai wata yarinya 'yar Damagaram, mai sayar da dafaffen ƙwai da gyaɗa ga masu ziyara. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Mijinta ya rasu tana da ciki, kuma a gabana ta haihu, ni na riƙe mata kafaɗa. Mace ta haifa. Jaririyar na da wata biyar, uwar ta bar mini ita da safe ta tafi kasuwa, ba ta dawo ba. Sai bayan kwana uku muka ji an kama marasa takardu, har da ita, an wuce da su Jidda, daga can sai jirgin gida.

Muka jira wata shida babu labari. Ni ce na fara kawo wa mijina maganar ya sa yarinyar a takardarsa. Ya ƙi, ya ce jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba babban zunubi ne. Na yi ta kuka, na ce masa yarinyar da ba ta da takarda ba makaranta ba asibiti, kuma wannan gaskiya ce, amma ba ita ce dalilina ba. So nake a kira ni uwa. A wancan zamani yawancin haihuwa a gida ake yi, shaidar mutum biyu ta isa. Ya gaji ya yarda. Muka canja gida zuwa wani lungu inda ba a san mu sosai ba.

Tana shekara huɗu motarsa ta kife a hanyar Khaibar, Allah ya karɓi abinsa. Bayan takaba na kai takardu ofishin tallafin marayu, aka rubuta ta a matsayin marainiyar ɗan ƙasa, muka fara karɓa. Da shi muke ci, da ɗan ɗinkin da nake yi.

Tana shekara bakwai, ana saura kwanaki a fita Arafa, aka yi sallama a ƙofa da hantsi. Uwarta ce, ta rame ta yi baƙi, da ƙullin kaya a ka. Shekara shida ta yi tana tara guzirin dawowa. Yarinyar ta leƙo daga bayana ta tambaye ni da Larabci ko wace ce, na ce mata khala ce, 'yar'uwata daga Afirka. Matar ta dube ni. Da muka keɓe na nuna mata takardun, na bayyana mata cewa in gaskiya ta fito za a soke sunan yarinyar, ta koma marar takarda kamar ita. Ta daɗe tana kallon hoton da ke jikin takardar makaranta, sannan ta roƙe ni in bar ta ta riƙa zuwa yi mata kitso duk Alhamis. Na yarda, ina jin kamar alfarma na yi mata.

Ƙanin mijina shi kaɗai a dangi ya san komai, don yayansa ya gaya masa. Ya yi shiru shekara da shekaru, amma da maganar rabon gidan gado ta taso sai ya zo ya same ni, cikin ladabi, yana kirana Yaya kamar kullum. Ya ce ba ya ƙin yarinyar, zai ci gaba da kula da ita, amma ba ta da gado a shari'a, kuma abin da nake karɓa da sunanta haƙƙin wasu marayu ne. Na zage shi, na ce kwaɗayin gida ne ya rufe masa ido. Sai ya rubuta takarda ya kai ofishin tallafin. Aka dakatar da tallafin, aka ce ba za su yanke maganar nasaba ba, sai alƙali ya tabbatar da ko 'yar wa ce.

Aka gaya mini cewa a sha'anin haihuwa ana karɓar shaidar mata, in kawo wadda ta halarta. Unguwar zoman da ta karɓi haihuwar ta rasu. Ban da ni, mutum ɗaya ta rage a duniya da ta kasance a ɗakin nan ranar, wato uwar yarinyar, kuma wajenta na tafi. A lokacin ta sami iƙama ta hannun wani gida da take yi wa wanki. Na tarar da ita tana shanya. Ban ma zauna ba na faɗi abin da ya kawo ni. Ta matse rigar da ke hannunta ta rataye, ta ce, "Yaya, kin san abin da kike roƙona kuwa?" Na ce na sani, amma ta tuna makarantar yarinyar. Ta ce in gaya mata ranar zuwa kotu.

A gaban alƙali ba ta jin Larabci sosai, sai aka kawo tafinta. Ta faɗi ranar haihuwar, ta faɗi lokacin, ta ce naƙuda ta fara bayan la'asar, ta ce jaririyar ta zo da cibiya a wuya har sai da aka kwance. Duk gaskiya ne, nata ne take ba da labari, ta sa sunana a wurin nata. Har ta ce ita ta riƙe mini kafaɗa. Alƙali ya ja mata kunne a kan shaidar zur, ya tambaye ta ko za ta rantse. Ta rantse. Ƙanin mijina ba shi da shaida, ya sunkuyar da kai, aka kori ƙararsa. Aka mayar mana da tallafin, dangi kuma suka juya masa baya, suna cewa ya so ya tozarta marainiyar ɗan'uwansa.

Abin da na yi bayan haka shi ya fi hana ni sukuni. Yarinyar na girma kamanninta da uwarta na fitowa, wushirya iri ɗaya, tafiya iri ɗaya, har wata maƙwabciya ta yi zancen cikin raha. Tsoro ya kama ni. Wata Alhamis na tare matar a bakin ƙofa, da matajinta da man kitso a hannu, na ce ta ɗan dakata da zuwa sai ƙura ta lafa. Ta tambaye ni har yaushe, na ce zan aiko. Ta miƙo mini man ta ce in riƙa shafa wa yarinyar a gefen kunne, nan gashinta ke karyewa. Ban taɓa aikawa ba. Na ji ta koma Bi'ir Ali tana sayar da silifa ga masu ɗaukar harami, daga baya aka ce ba ta da lafiya ta bi wasu 'yan garinsu. Ban bincika ba, don a gaskiya sauƙi na ji.

Sai da aure ya zo wa yarinyar, aka ce ƙanin mijina ne waliyyi. Ya aiko mini cewa ba zai tona ba, amma ba zai tsaya a gaban Allah ya ce shi baffanta ne ba. Ranar na zaunar da ita na gaya mata komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni sunan uwarta cikakke, na faɗa. Ta tambayi sunan ubanta, na faɗa. Sannan ta ce, "Ummi, tana raye?" Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba.

Na nemi gafarar ƙanin mijina, ya yafe, ko da yake shekarun da ya yi ana nuna shi da yatsa ba su dawowa. Na mayar masa da abin da ya kamata na gidan. 'Yata tana zuwa gaishe ni, tana kawo mini jikoki, kuma duk lokacin aikin hajji sai ta bi masaukan mutanen Nijar tana tambaya.

Masu riƙon 'ya'yan wasu, ku riƙe su da sunan iyayensu, ladan riƙo bai ragu don haka ba. Da na je na faɗi gaskiya tun farko cewa amana ce a hannuna, wataƙila hanyar ta yi tsawo, amma da ban ja mijina cikin zunubi ba, da ban mai da mai gaskiya maƙaryaci ba, da ban sa baiwar Allah ta yi rantsuwar da ta raba ta da 'yarta ba. In kuna cika takardar tallafi kuka zo layin da aka ce sunan uwa, ku rubuta wadda ta yi naƙudar. Ni na rubuta nawa, kuma ina neman addu'arku.