Taken Mahauci a Ɗakin Masu Ciwon Zuciya

Wallahi wannan ba labari aka ba ni ba, a gabana aka yi shi, shekarun baya ina aikin jinya a wani asibiti a Suleja. An kawo mana wani dattijo daga unguwar Wambai, Baba Audu, makaɗin kalangu, zuciyarsa ta buga, da ƙyar aka ceto shi, amma bugun ya ƙi daidaita, ya yi sauri, ya tsaya, ya sake ɗauka. Likita ya ce kada in ɗauke ido daga na'urar da aka jona masa a ƙirji, mai ƙara da kowane bugu, don irin wannan zuciyar kan tsaya ba sallama.

A gadon kusa da shi akwai wani tsohon mahauci daga Sabon Wuse, Baba Ɗanjuma, ya warware sarai, washegari za a sallame shi. Mutum ne mai tsokana, kullum sai ya ce allurata ta fi wuƙarsa kaifi.

Bayan la'asar ina gyara wa makaɗin ƙarin ruwa, shi ko ido bai buɗe ba, sai mahaucin ya tashi zaune ya kasa kunne.

"Ɗana, kana jin abin da injin nan ke faɗa?"

Na ce, "Baba, ciwo ne, ba magana ba."

"Takena ne. Rabona da shi tun ina saurayi."

Kun san mahauta, kowa da takensa, in kalangu ya kira mutum sai ya amsa. Na roƙe shi ya kwanta, bai ko dube ni ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Na'am, ga ni."

Nan take bugun Baba Audu ya daidaita. Na juyo da murna, sai na ga mahaucin ya kife. Muka yi ta danna masa ƙirji ni da likita, amma ina, rai ya yi halinsa.

Da makaɗin ya farfaɗo na tambaye shi, ya rantse bai san mutumin ba. Ya ce shi dai ya ga an miƙa masa kalangu, an ce ya yi ta kira, in ba wanda ya amsa, shi zai amsa.

Na san ajali na Allah ne, amma har yau tsoro bai sake ni ba. Jama'a, in kun ji kiranku inda babu makaɗi, kada ku yi saurin amsawa. Ni ma ɗan mahauta ne, ina da takena, kuma sauraron na'urar nan shi ne aikina.