Wanda Ya Nuna Min Kafaɗar Babana

Ina gaban allo a makarantarmu ta Wurno, alli a hannu, Kawu Bello ya kira ni daga Goronyo ya ce, "Sani, sai haƙuri, Alhaji ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban gama salati ba ya ƙara da cewa, "Ka dai san wasiyyatai. Isuhu shi ka yi mai wanka." Ba zan ɓoye ba, maganar ta biyu ta soke ni kusan kamar ta farko.

Mahaifina, Alhaji Umaru, manomin albasa ne, amma an fi saninsa da kwamitin gulbi. Gulbinmu daga Nijar yake gangarowa, shi ya sa a shekarun baya ƙungiyar ƙasashen yankinmu da wasu hukumomin duniya suka haɗa manoman nan da na can, su riƙa sanar da juna idan ruwa ya taso. Baba ne wakilin wannan gefen, Baba Isuhu na ƙasar Maraɗi wakilin wancan. Farar mota mai tuta takan zo ta ɗauke shi, mu kuma a bar mu ƙofar gida muna kallon bayanta. Ranar saukar karatuna yana wurin taro. Ranar sunan ɗana na fari yana Maraɗi, wajen jana'izar matar Isuhu. Haka na girma ina kishin mutumin da ban taɓa sa wa ido ba.

Da shugabanni suka ɓata, aka rufe iyaka, wasu ƙasashe suka fice daga ƙungiyar, hukumomin nan suka kwashe motocinsu, wallahi murna na yi. Na ce yanzu kam Baba ya zama namu. Ashe ban san shi ba. Cewa ya yi, "Su sunka yi hwaɗa, ba mu ba. Gulbi bai ji labarin an ruhe iyaka ba." Duk damina Isuhu zai bugo waya, Baba ya hau babur ya bi fadama yana cewa a janye injunan ban-ruwa, ya aika har Wurno da Rabah. Ba alawus, ba otal, ko man babur daga aljihunsa. Yakan ce, "Taron da sai an aiko maka mota kaka zuwa, ba naka na ba."

Na isa Goronyo na tarar an shimfiɗe shi, liman na jira. Isuhu ya taso tun asuba ta hanyar daji, don babbar hanya a rufe take, wayarsa kuma ba ta shiga. Mutane suka fara ƙunƙuni, wai ba a ajiye gawa. Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Kai na babba. Mi kac ce, a jira ko ka wanke?" Zuciyata ta ce wanke abinka, ko sau ɗaya ka riga shi. Na dubi fuskar Baba, na ce a jira zuwa azahar.

Ana kiran salla ya iso, siririn tsoho, wando duk laka har gwiwa. Bai tsaya gaisuwa ba ya kama hannuna ya ce, "Kai na Sani? Taho ɗana. Ni ka zuba ruwa, kai ka wankewa. Haka munka yi da shi."

A cikin ɗakin ya ce min, "Bi kahwaɗatai ta hagu sannu. Nan yak karye shekarar da jirgi yak kihe da mu." Ban taɓa sanin Baba ya karye ba. Ni ɗan cikinsa, baƙo ke nuna min jikin ubana. Na yi kuka sosai, kuma ba duka na mutuwa ba ne.

Bayan addu'ar uku, Baba Isuhu ya hau babur zai koma, ya juyo ya dubi 'yan zaman makoki ya ce, "To, in ruwa sun taso, wa za ni kira?" Na ce ni. Har yau ina kishinsa, don ya samu rabon Baba da ban samu ba, amma tun ranar wayata ba ta kwana a kashe.

Ya Allah ka jiƙan Alhaji Umaru, ka yafe kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa gonakin da ya tserar su zama shaida gare shi. Ka ba Inna da ƙannena haƙuri, ka raya abin da ya bari. Ka ba Baba Isuhu haƙuri shi ma, don na gani da idona, rashin da ya yi bai gaza nawa ba. Amin.