Yaya da Ƙadangarun Ma'aunin Ruwa

Yayana mutum ne da ba ya ƙaunar ƙarya, ko da ta na'ura ce. A tashar auna yanayi yake aiki, wani ɗan fili mai shingen waya a bayan makarantar koyon noma. A can akwai ma'aunin ruwan sama: mazurari ne, a ƙarƙashinsa ɗan cokali mai lilo, in ya cika ya tuntsure. Kowace tuntsurawa, wata na'ura da ke cikin akwatin ƙarfe za ta ƙirga ta adana. Shi ke jona mata kwamfuta ya rubuta mata umarni, ki karanta kaza, ki ajiye kaza. Lallashin da yake mata, wallahi ko 'ya'yansa ba su samu ba.

Burinsa ɗaya a duniya: kafin ya yi ritaya, na'urarsa ta kama wani gagarumin ruwa, irin wanda masu bincike za su riƙa nema suna ambaton tasharsa. Shekara da shekaru sai yayyafi da ruwan da bai taka kara ya karya ba.

Ana haka ƙadangaru suka gano cokalin nan. Su shige su yi ta lilo, rana tsaka, sama tas, na'ura ta rubuta ambaliya. Har shugabansa ya kira daga hedikwata ya ce, "Malam, a kwalekwale kake zuwa aiki?" Abin ya yi wa Yaya ciwo. Ya sa raga a mazurari, suka bi ta ƙasa. Ya toshe ƙasa, ruwa ya rasa mafita. Sai ya ƙara wa na'urar umarni: in cokali ya riƙa tuntsurawa da gudun da ya wuce kima, ƙadangare ne, ki rubuta sifili. Ya zo gida yana ta cika baki, wai ya gama da su.

A daminarsa ta ƙarshe, wata rana bayan azahar, ina gidansa, sama ta ɓalle da ruwa. Ban taɓa ganin irinsa ba. Katangar maƙwabta ta zube, ruwa ya shigo ɗaki har gwiwa. Matarsa na kan tebur tana salati, ni ina kwashe kaya, shi kuwa gogan naka yana bakin ƙofa yana murmushi.

"Yaya, gidanka fa ke tafiya!" na ce.

"Bar shi ya zuba, ƙanwata. Na'urata tana can tana rubutawa."

Ruwa na tsagaitawa ya naɗe wando, ya rungumi kwamfuta, ya nufi tasha. Da ya dawo, ko sallama bai yi ba. Ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar kujera.

"Nawa ta kama?" in ji matarsa.

"Sifili," ya ce. "Ruwan ya yi sauri da yawa. Ta ɗauka ƙadangare ne."

"To, alhamdulillahi, tunda ba a yi ruwa ba, ga katifa can, je ka kwanta," in ji matarsa.

Na ƙyalƙyale da dariya, amma da na dubi fuskarsa sai tausayi ya kama ni. Na ce ya kintata adadi ya cike mana, wa zai sani? Ya girgiza kai, ya ce abin da bai auna ba, ba zai rubuta ba.

Ƙarshen wata ya aika rahotonsa na ƙarshe. A gurbin ranar ya rubuta, "Ba a auna ba, laifina ne," ya sa hannu, ya miƙa makullin tasha.