Fauziyya da Gadon Wake

Fauziyya ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta ba ta da inda za ta kai ƙara. A Yelwa ta tashi, bayan kasuwar kifi, a gidan da Innarta ke suyar ƙosai. Tun tana mitsitsiya ita ke tsince wake. Da ta samu makarantar koyon aikin gona na ce to, an tafi karɓo takardar shedar tsintar wake. Ni a aji biyar na sakandare na sauka, na hau babur, har yau ban sauko ba.

Bara bayan girbi aka turo ta sanin makamar aiki a ofishin malaman gona na wajen Ngaski. Ofishin mutum ɗaya ne, Malam Emmanuel, da babur ɗinsa da kaji ke ƙwai a ƙarƙashi. Sai Kawu ya ce ni zan dinga kai ta tungayen bakin ruwa. Aikinta ta nuna wa manoma buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure wake ƙwari ke mutuwa don rashin iska, ba sai an sa magani ba.

"Bawa, ja mu tafi," in ji ta kullum.

"Malamar wake, riƙe da kyau, in kin faɗi ba ni tsayawa."

Wata safiya muka isa wata tunga da ba zan faɗi sunanta ba. Abin da na fara lura da shi rumbuna ne. Duk a buɗe suke, ba komai ciki, wani ma akuya ta haihu a gindinsa. A damina masu bindiga sun shiga wani ƙauye can tudu, suka kwashi abin da babura za su ɗauka, suka cinna wa sauran wuta. Tun daga nan kowa ya mai da amfanin gonarsa ɗakin kwana, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ka tambayi mutum yaya bana, ya ce ba a samu komai ba. An ce waɗancan mutane sun san gidan da za su nufa tun kafin su iso, kuma ba wanda ya san wa ke gaya masu.

Maza suka taru gindin tsamiya. Fauziyya ta buɗe buhunta, ta yi bayani, ta ɗaure, ta kwance. Wani dogo mai suna Cindo, manomi da damina masunci da rani, ya taɓa ledar ya ce, "Malama, buhu kam ya yi kyau. Amma mi za mu sa ciki? Iska?"

Aka yi 'yar dariya. Ni ma na taya su, don in ƙona mata rai.

Muna nan sai ɗiyar Cindo, Yasira, yarinya da ba ta wuce shekara shida ba, ta zo ta jingina da ƙafar ubanta. Ta durƙusa ta yi amai. Cindo ya ce zazzaɓi ne, ita da ƙanenta, kwana biyu ke nan. Fauziyya ta ɗauki yarinyar ta ce bari ta kai ta wurin uwarta. Abin da ya sa Malam Emmanuel ke son tura ta ke nan: tana shiga inda shi ba ya shiga.

Ta daɗe. Da ta fito ba ta ce mani bawa ba, sunana ta kira, nan na san babu lafiya. Ta ce a bakin ƙofar ɗakin akwai 'yan tsaki a mace, da ɓera kwance ba rauni. Ɗakin na wari kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi, amma a tungar da ake shanyar kifi ko'ina wa zai kula? An toshe taga da tsumma saboda sanyin ruwa. Gadon yara kuma ba gado ba ne. Buhunan wake ne aka jera, aka shimfiɗa tabarma da zane a kai.

Akwai wata ƙwaya da ake sayarwa a kasuwa ƙulle a leda, ana tura ta cikin buhu ta kashe ƙwari. Iska mai guba take fitarwa a hankali. An yi ta ne don sito da ba mai kwana ciki.

Ta ja Cindo gefe, ina tsaye kusa.

"Baba Cindo, yaushe ka sa ƙwayar?"

"Wace ƙwaya? Ni ba ni da wake."

"Baba, na ɗaga tabarmar."

Ya dubi mutanen gindin tsamiya, ya rage murya. "Ɗiyata, kin gani, ki yi shiru. Gobe ko jibi, in ido ya ɗauke, sai in san yadda na yi."

"Yaran ba su kai jibi a ɗakin nan. A fito da su, a fito da buhunan, yanzu."

"Ɗaki ɗaya gare ni. In na kai iyali gidan maƙwabci, sai an tambaya. In na fito da buhu, an gani. Ke da maraice kina Yelwa. Mu nan muke kwana."

Nan ba wurin barkwanci ba ne. Gaskiya Cindo ya faɗa. Ita ma ta sani.

Ta tambaye shi ko shi kaɗai ya sayi ƙwayar. Ya juya ya dubi sauran gidajen tungar.

Sai ta juya ta koma gindin tsamiya. Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma kowa ya ji. Ta ce abin da ke damun Yasira ba zazzaɓi ba ne, ƙwayar wake ce, kuma duk wanda iyalinsa ke kwana ɗaki ɗaya da buhu mai ƙwaya ya fito da shi kafin azahar. Ba wanda ya motsa. Kowa na kallon ƙasa, kowa kuma ya ji abin da ke ɗakin Cindo.

Matar Cindo ce ta fara. Muka ji jan abu, sai ga ta ta fito da baya tana jan buhu har waje, goyo a bayanta. Ta koma ta jawo wani. Can wata mata a gidan gaba ta yi haka. Mazan suka tashi ɗaya bayan ɗaya ba sallama.

Na ɗauki Yasira da ƙanenta da wata gwaggonsu zuwa asibitin gari. Da na waiwaya daga kan tudu, tungar da ba a samu komai ba bana ta cika da buhuna a rana, farare, ana hangen su daga hanya. A bakin hanyar akwai masu sayen kifi da baburansu, wasu na sani, wasu ban taɓa gani ba. Ɗaya ya daina ɗaure kwandonsa ya tsaya yana kallo.

Yaran sun tashi. Da muka mai da su bayan 'yan kwanaki, muka tarar da Cindo a bakin ruwa yana loda jirgi: buhuna, tukwane, taru, ƙyauren ɗaki. Wasu gidajen sun riga shi tafiya. Ya ce tsibiri za su, wurin dangin matarsa, inda babur ba ya zuwa. Gonarsa kuwa sai yadda hali ya yi.

Fauziyya ta durƙusa ta gaishe shi. Ya karɓi Yasira daga hannunta, ya shafa kan yarinyar, ya zaunar da ita a jirgi.

"Malama, ba ni cewa kin yi laifi," in ji shi. "Amma waɗanda sunka rage, ba su da jirgi."

Ya sa gora ya tura. Fauziyya ta tsaya a laka har takalminta ya nutse, tana kallon gidajen da har yanzu hayaƙi ke tashi a cikinsu.