Ɗan da Aka Ɓoye

Nomau ɗan Illiya madugu yana jin harshe huɗu, amma bai iya rubuta ko ɗaya ba. Hausa ya sha a nono, Buzanci ya ɗauka a bayan raƙuma, Barebarci a Dirku, Faransanci kuwa a bakin sojojin Nasara da ya yi wa jagora shekara goma sha ɗaya.

Yana ɗan shekara bakwai kumandan Nasara ya ce kowane babban gida a Agadas ya ba da yaro ɗaya lakwal, wato makarantar boko. A wancan zamani ba mai miƙa ɗan cikinsa. Ɓoye shi ake yi, a ba da ɗan bara. Illiya ya tura Nomau cikin ayarin gishiri, ya miƙa Garba, ɗan mai yi musu daka. Har rago ya yanka sadaka, Allah ya tsare masa ɗa daga boko.

A 1963 motoci sun fara cin kasuwar raƙuma, gidan madugu ya yi sanyi. Sai aka ji asibiti na neman tafinta. Nomau ya naɗa rawaninsa na salla ya tafi biro, ofishin da ake rubuta sunaye. Wanda ke karɓar sunaye, Garba ne.

Nomau ya kira shi yadda Faransawa ke kiran manya: "Mushe Garba, yau kai ne a sama."

"Haba Yaya, bar ba'a. Zauna."

Garba ya karanta masa takardar Yamai: sai mai satifika.

"Wa ya fi ni jin Buzanci a garin nan?"

"Babu. Amma Yamai takarda take tambaya. Ka tuna ranar da aka kai ni? Ina kuka, kana bisa raƙumi kana mini gwalo."

Suka yi dariya, ta mutu da wuri.

Aikin ya faɗa wa wani saurayi daga bakin kogin Kwara, mai ladabi, wanda ko gaisuwar Buzaye bai iya ba. Nomau ya koma zama a ƙofar asibitin. Buzuwa ta zo da ciwo, shi ke shiga ya faɗi inda ke mata zafi. Albashi na saurayin, "sannu" tasa.

Illiya, wanda tsufa ya makantar, ya tambaye shi wata rana me ya hana a ɗauke shi.

Nomau ya gyara masa buzun salla, ya ce, "Ba kome, Baba. Addu'arka ce ta karɓu."